Takardar Neman Izinin Kashe Layi Ɗaya

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, kowace ma'aikata a Abuja so take a ce tana da shafin intanet. Tamu ma ta sayi sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, aka damƙa mini kula da ita.

Ɗan kwangila ya bar saitin manhajar da ke tafiyar da shafin yadda ya zo daga masu ita. Duk lokacin da shafin ya samu matsala, sai ya baje wa kowane mai kallo sunayen fayilolinmu da inda suke ajiye. Layi ɗaya zan kashe, aikin minti guda. Amma a gwamnati ba a taɓa abin da ɗan kwangila ya miƙa sai da izini. Na rubuta takarda, ta yi mako uku tana yawo tebur-tebur, ni kuwa kamar in fashe.

Da darakta ya kira ni, ya ce, "Malama, waɗanda suka ƙera abin ba su fi ki saninsa ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ma'aikaci ya yi kuskure, a bakin get ake liƙa shi, ko a fayil ake sawa?"

Ya cire tabarau, ya jawo takardar, ya sa hannu. A ƙasa ya ƙara da cewa daga ranar, kowace sabar a kulle za a karɓe ta, mai son buɗe wani abu shi zai rubuto takarda.

Na daɗe da barin ma'aikatar. An ce har yau takardar masu son buɗewa ce ke yawo tebur-tebur.