Hoton Ƙanwata a Wayoyin Sharaɗa

Shekarar da na fara aiki a kamfanin roba a Sharaɗa, ƙanwata tana aji huɗu a sakandare, lokacin wayoyi masu kyamara sun fara shiga hannun 'yan makaranta. Wata rana ta dawo gida ta ce ita da makaranta har abada. Sai da Umma ta matsa mata sannan ta faɗi dalili. Wata 'yar ajinsu ce ta ɗauke ta hoto tana gyangyaɗi, ta kai hoton kafe, wato shagon intanet, aka liƙa mata kunnuwan jaki, aka sa a intanet har da sunanta. Daga nan hoton ya bi wayoyi ta bulutut, wannan na tura masa, wancan na tura wa wani. Ni kaina a wayar wani direba na gan shi, a ƙofar kamfaninmu.

Baba, da ya shekara ashirin a kamfanin jima a Challawa, abin ya ɗaure masa kai.

"A kawo min hoton in yaga," ya ce.

"Baba, ai ba na takarda ba ne," na ce masa.

Ni kuwa so nake in san ko doka ta san da irin wannan. Na hau acaɓa zuwa Bompai, wurin lauyan ƙungiyar ma'aikatanmu, wani dattijo mai yawan tambaya.

"Ranka ya daɗe, wannan laifi ne ko wasan yara?"

Na miƙa masa wayata, ya duba hoton. "Ɓata suna laifi ne, da baki ko a rubuce. Amma littattafan nan nawa ba su san bulutut ba. Kuma wadda ta yi, ita ma yarinya ce, ba na so a fara da kotu."

Sai ya ce in nuna masa yadda hoto ke tsallakawa daga waya zuwa waya. Muka yi ta gwadawa da wayar sakatarensa, yana ta cewa, "Ikon Allah!"

Wasiƙa biyu ya rubuta, ɗaya ga mai kafe, ɗaya ga shugabar makaranta. Mai kafe ya tsorata, ya sa aka cire hoton a ranar. Shugabar ta kira iyayen yarinyar, yarinyar ta ba ƙanwata haƙuri a gaban aji tana kuka.

Bayan sati biyu ƙanwata ta koma makaranta. Hoton da ke wayoyin mutane kuwa babu wanda ya iya gogewa. Har ta gama sakandare ba ta ƙara yarda an ɗauke ta hoto ba, ko da ranar sallah.