Ƙusar Maigida da Irin Inna

Shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone a Kiru, mun daɗe babu wuta har muka manta wayoyin gidan suna da wani aiki. Ni kaina firij ɗina ya koma ma'ajiyar tukwane.

Surukata, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke ce wa Inna, tana da wata jar masara mai ƙananan ido da ta taho da ita daga Doguwa tun aurenta. Duk kaka takan ware na iri, ta ɗaure su da ɓawonsu, ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. A wannan shekarar damina ta kayar da rufin kicin, sai maigidana ya ce a kawo ya adana a cikin silin. Mutum ne mai kirki, amma in ya riƙe guduma ba ya jin kira. Ya hau cikin duhu, ya lalubi katako, ya buga ƙusa, ya rataye masarar, ya sauko yana kaɗe hannu kamar wanda ya gina gidan.

Ana tsakar rani, wata rana da hantsi, aka dawo da wuta. Yara suna ta ihu, ni kuma sai na ji ƙamshin gasasshiyar masara. Na ce, wane mai rabo ne ke gashin masara da rani? Inna ce ta fara ganewa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Irina!"

Maigida ya suri bokitin ruwa ya nufi tsani. Na ce masa in ya watsa ruwan nan a kan waya, takaba zan shiga. Na ruga na kashe babban makunni, na zare fis, na ƙulle shi a bakin zanina. Sai a nan na bar shi ya hau da tocila ya sauko da masarar. Yawancinta ta yi baƙi, kaɗan ce ta tsira. Ashe ƙusar ta ratsa wayar da ke bin jikin katakon.

Wai kuma zai koma ya naɗe wurin da leda da robar taya. Na zauna a kan matakalar tsanin, na ce sai dai ya ɗauke ni tare da shi.

Mai gyaran wuta ya zo daga Dangora a kan babur, wani mai bakin tsiya. Ya karɓi fis ɗin ya jefa a aljihunsa kada wani ya mayar, ya hau ya taɓa wayar da testa. Ya yanke inda ta ƙone, ya sa sabuwa, ya haɗa bakunan cikin wani ɗan akwati mai murfi. Duk yana yi yana ɗaga murya daga sama, don maƙwabta su ji.

"Maigida, a cikin duhu ka saiti tsakiyar waya haka? Ai farauta ta kamace ka!"

Kowa ya yi dariya ban da Inna. Ta zauna tana tsince ƙwayoyin da wuta ba ta lasa ba. Wallahi tausayinta ya kama ni, domin abin da ya rage mata daga gidansu ke nan.

Da ruwan shuka ya sauka Inna ta shuka ƙwayoyin a bayan gida. Kullum da safe sai na ga maigida ya zagaya can, wai iska yake sha. Masarar ta fito jefi-jefi, amma ta fito.

Da ta nuna, Inna ta gasa ta farko da kanta, ta kira shi.

"Ungo. Kai ka fara gasa ta, kai za ka fara ci."

Ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Sabon irin kuwa, da ta ɗaure shi, ta wuce maigida yana tsaye da hannu a miƙe, ta ɗora mini a cinya.