Masarar Babana da Tekun da Ban Taɓa Gani Ba

Shekarun baya na hana mahaifiyata shuka, ni da ko riƙon fartanya ban iya ba. Shagon tayil gare ni a Gudu, cikin Abuja, ita kuma tana Tungan Maje da 'yar gonarta. Bayan rasuwar babana, abin da ya rage na farar masarar da ya zo da irinta daga Zariya ɗan kaɗan ne, rataye a saman murhu hayaƙi na kare shi daga ƙwari. Idan wannan ya lalace, iri ya ƙare ke nan.

Ina da aboki ɗan Filato da ke aikin hasashen yanayi. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, sai ga shi a shagona.

"Oga, ka gaya wa Mama kada ya shuka yanzu. Wannan ruwan yaudara ne."

Ya ce ruwan tekun Pasifik ya yi ɗumi fiye da kima, abin da suke kira El Nino, kuma a irin wannan shekara damina kan fara sannan ta ɗauke. Ya ƙara da cewa hasashe ne, ba wahayi ba. Wannan ɓangaren ban kai mata ba.

"Teku?" in ji mahaifiyata da na kai mata sauran. "Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba?"

Na yi ta magiya har ta ce to, amma irin "to" ɗin da ke nufin alhaki a wuyanka.

Maƙwabta suka shuka. Ruwa ya ci gaba da zuba kamar da gayya. Gonakin kowa suka yi kore shar, tamu kuwa sai ciyawa. Mata suka fara tambayarta ko ɗanta na birni ne zai aiko mata da damina a mota. In na kira ta, gaisuwa kawai, sai ta ce tana da aiki. Ina jin ni kaɗai ne a Abuja nake ganin hadari ya haɗu gabana ya faɗi.

Sai ruwa ya ɗauke cak. Rana ta buɗe, shukar mutane ta lanƙwashe ta bushe, har aka fita roƙon ruwa. Na bi sahu, kuma wallahi da zuciya ɗaya na roƙa, don ban ji daɗin ganin gonakin nan ba ko kaɗan.

Da ruwa ya dawo ya zauna, abokina ya kira: "Yanzu kam Mama ya shuka." Ta shuka, ta kuma ɗibar wa maƙwabciyarta da nata irin ya ƙone. Masara ta yi kyau.

Har yau ban gane yadda ɗumin wani ruwa a bangon duniya ke taɓa gona a Tungan Maje ba. Na dai daina yi wa masu hasashe dariya, ko a ranar da suka kuskure. Kuma duk lokacin da na tuna, sai na sauke ajiyar zuciya, saboda abin da ta faɗa ranar da ta gasa mini masarar farko. Ta miƙo mini ba ta kalle ni ba, ta ce:

"Da na shuka a wancan ruwan, da na binne babanka sau biyu."