Amsar da Hindatu ta bayar

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyar, masara ta kai gwiwa a gonarmu da ke bayan Tafoki. Mun taso daga makaranta ko kayan makarantar ba mu cire ba, Inna ta ɗora mini kwanon ɗumamen tuwo, ta ba ƙanwata Hindatu goran kunu mu kai wa Baba, don ranar yake huɗa. Muna tafe muna tsallake kunyoyin gona, Hindatu tana tsinkar tafasa tana cusawa a aljihu. Shekarunta bakwai. Da muka isa Baba ya kwance shanun suna hutawa a gindin ɗorawa, ita kuwa ta zagaya ta bayan baƙin san da ke cikinsu za ta ajiye goran a inuwa. Ƙudaje sun dame shi, ya kai shuri, ya same ta a gefen ciki na hagu. Ta faɗi zaune, kunun ya malale, amma ko uffan ba ta ce ba.

Haka take tun fil'azal. A gidanmu ita ce mai dauriya, ni ce mai raki, ga shi kuma sunana Rakiya, sai tsokana ta samu wurin zama. Ƙaya ta soke ni a hanyar rijiya, sai maƙwabta sun ji. Hindatu kuwa kunama ta taɓa harbinta tana ɗebo masara a rumbu, ta fito ta zauna kusa da turmi tana riƙe da yatsa, gumi na zubo mata, har sai da Kaka ta lura. Daga ranar Kaka ba ta da labari sai nata. "Wagga ita ce ɗiya," in ji ta, "ba waccan mai bakin kuka ba." Ina jin haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mu duka an koya mana tun muna goye cewa in an gaida mai ciwo, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Na ji ta a bakin tsofaffin da washegari aka yi jana'izarsu. Hindatu ta haddace ta kamar karatun allo.

Inna tana jego, don haka ni Baba ya ɗora a bayan babur, Hindatu a tsakiyarmu ina riƙe da ita, muka nufi asibitin da ya fi kusa. Mun tarar da shi maƙil. Motar 'yan kasuwa ce ta kife, mutane kwance har baranda, jini ko'ina, wani yana salati wani yana ihu. Muka samu gefen benci. Can wani ma'aikacin jinya ya biyo layi yana duba wanda za a fara shigarwa, rigarsa duk jini, ya tsaya a kanmu.

"Yarinya, ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Hindatu.

Ya dubi Baba. Baba ya ce, "Da sauƙi, Malam, alhamdu lillahi. Sa ne ya shure ta." Mutumin ya ɗaga rigarta, babu jini, babu karaya, sai ɗan shaci. Ya ba ta farasitamol, ya ce mu jira a gama da masu tsanani, ya wuce.

Ni ce nake riƙe da hannunta, ni kaɗai na san yadda take matse mini yatsu har suna ƙara, ni na ji tafin nata yana sanyi alhali ana zafi. Leɓenta ya yi fari. Sau uku ta ce mini ƙishirwa take ji. Na so in yi magana, to amma yaro ba ya tsoma baki manya na tsaye, kuma a raina na ce in na faɗa za a ce rakin nawa ne nake ara mata. Na yi shiru tun azahar har aka kira la'asar. Baba ya tafi alwala, sai na ji hannun ya saki nawa, kanta ya faɗo a kafaɗata. A lokacin na kurma ihun da aka san ni da shi, kuma a lokacin aka zo a guje. Likita ya danna cikin ya ji shi tauri, ya ce saifa ce ta fashe, jini yana zuba ta ciki tun ɗazu, sai an kai ta babban asibiti an yi aiki. Ba ta kai ba. A mota ta cika, kanta a cinyar Baba, ganyen tafasa yana aljihunta.

Ban taɓa riƙe ma'aikacin nan a raina ba, ya tambaya an ba shi amsa. Kaka kuwa ba ta ƙara yabon dauriyar kowa ba har ta rasu. Kaina na riƙe, shekara da shekaru.

Bara 'yata, wadda na sa wa sunan Hindatu, ta faɗo daga katanga ta karye a hannu. Yanzu a gari muke zaune, gonar nan ma ba mai zuwa. A ɗakin gaggawa wata ma'aikaciya ta durƙusa daidai tsayinta ta gaishe ta, sai na ji bakin 'yata ya ce, "Da sauƙi." Wallahi ban koya mata ba, a bakinmu ta tsinta. Matar ba ta tashi ba. Ta riƙe wuyan hannunta mai lafiya tana ƙirga bugun jini, tana kallon goshinta, sannan ta zaro wani kati mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye, ta ce, "Nuna mini wadda ta yi kama da ke yanzu." Yarinyar ta saci kallona, ta ɗora yatsa a kan mai hawaye. Kafin a taɓa karayar sai da aka ba ta maganin kashe zafi. Na fita baranda na yi kukan da ya ba ma'aikatan mamaki, don karayar ba wata babba ba ce. Ƙanwata ma tana da yatsu a waccan ranar, a cikin hannuna suke.