Ɓarawon Shanu a Shafina

Shafin da na buɗe a Fesbuk ba wani abin kirki ba ne: labarin kasuwar Dogon Dutsi, sanarwar rasuwa, akuyar da ta ɓace. Wata ranar kasuwa na ɗauki hoton wani dattijo Bafillace riƙe da bijiminsa, na ɗora. Shi ke kawo wa gidanmu nono tun ina ƙarami, kuma bai taɓa ganina ba tare da ya kira ni bawansa ba. Ni kuma in ce masa mayunwacin daji. Haka muke da Fulani, mu Arawa, wasa ne da muka gada.

Wani ɗan kasuwa, Ba'are kamata, ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ga babban ɓarawon shanun Arewa an kama. Na karanta, na yi dariya, na wuce. A ganina goge wannan kamar hana taubashi wasa ne, kuma wa ke yin haka?

To, ashe hoto ba ya tafiya da dariyar. Aka yi ta tura shi har can cikin Kebbi, wurin mutanen da ba su san mu ba, ba su san shi ba. Da dattijon ya kai shanu wata kasuwa a can, dillalai suka ƙi taɓa su, matasa suka kewaye shi da sanduna. Da ƙyar wani da ya san shi ya fitar da shi.

Ɗansa ya kai ƙarata, sammaci ya iske ni a shago. Na kasa zama, na kasa cin abinci, na yi ta hawa kabu-kabu ina neman mai rubutun, wanda tuni ya goge sunansa ya yi shiru. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ban rubuta ko harafi ba.

Jandarman da ya saurare ni Bazabarme ne, ya san wasan sarai, har ya murmusa. Amma ya ce ko a zaurenka aka zagi mutum kana zaune ka yi shiru, ai da kai za a yi magana.

"Shafin ga naka na," in ji shi. "Kai ka bar shi."

Dattijon ne da kansa ya zo ya sa ɗansa ya janye ƙarar. Ya ce ba ya kai Ba'are gaban hukuma. Na fito ina jin kunya da daɗi a haɗe, na tare shi a bakin ƙofa, ina jiran ya ce bawansa ya sha da ƙyar.

Ya tsaya, ya gyara sandarsa, ya gaishe ni da Malam. Ya tambayi iyali da aiki, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi kamar baƙo. Har yau haka yake gaishe ni.