Uwar Rawaya

Ranar wata Laraba cikin daminar 1974, Inna ta ɗaga fatar idon ƙanwata Ladi a tsakar gidanmu na Limancin Kona, muka ga ƙwayar ta yi ɗorawa shar. Shawara ce, kuma kwana huɗu ke nan ko koko ba ya zama a cikinta. Baba yana Kano fatauci, don haka Inna ta haɗa ni da Iya Mai Tukwane mu samo saiwar rawaya. Tsohuwar Bagwariya ce da ke kawo tukwane kasuwa a kafaɗa, ba a ka ba. Mu yara tsoronta muke ji ƙwarai, don an ce tana hira da itatuwa.

Muka fita ta Ƙofar Gayan, muka ratsa dawar da ta fi ni tsawo. A gefen wani kwazazzabo muka sami rawaya gindi uku kacal. Iya ta durƙusa, ta yi ƙus-ƙus da yarensu, ta tona gefe ɗaya, ta yanko saiwa biyu kamar yatsuna, ta mayar da ƙasa ta danne.

Na ce, "Iya, wannan ai ba zai isa ba."

Ta ce, "Zai isa, 'yata. Ba a taɓa uwar. Gobe wani ma zai zo nema."

Washegari Ladi ba ta ko iya ɗaga kai. Ni kuwa da taurin kaina na saci fartanya, na koma ni kaɗai, ina waige-waige, na tumɓuke duka ukun. Na ƙulle a zane, na zuba cikin tukunyar jiƙon ba da sanin Inna ba. Ladi ta warke, ban san saiwar wa ta yi aikin ba.

Bayan wata biyu Iya ta shigo gidanmu babu tukwane, goye da jikanta, idonsa ɗorawa. Ta ce ta je kwazazzabon ta tarar da ramuka, ko akwai saura? Inna ta ce babu. Iya ta dube ni ta daɗe, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta gyara goyonta ta nufi wajen dutsen Kufena. Ba mu sake ganin ta a kasuwa ba.

Yau kwazazzabon ya zama gidajen bulo, masu magani kuma buhu-buhu suke tumɓuko saiwa ba mai hana su. Ladi tana da jikoki shida. Jikan Iya kuwa, har yau ban sami wanda zan tambaya ba.