Karofin Garinmu a Kundin Intanet

Na daɗe ina aikin adana kayan tarihi a Daura kafin 'yata ta nuna mini kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a ciki. Na nemi karofin garinmu, can wajen Sandamu, inda kakannina suka yi rini. Babu ko layi ɗaya. Na zauna na rubuta abin da na sani: yadda ake jiƙa baba, yadda fatake ke biyowa ta Kongolam su sayi turkuɗi, da abin da tsofaffin marina suka faɗa mini da bakinsu.

Washegari na tarar an share rabi. Wata mai gyara, wadda ban san daga ina take ba, ta bar mini saƙo: "Malam, sannu da ƙoƙari. Ƙa'idarmu ita ce sai abin da aka riga aka wallafa. Kuma tunda adana tarihin yankin aikinka ne, ka bayyana hakan a shafinka."

Raina ya ɓaci. Na rubuta mata, "Ni na zauna da mutanen nan. Wa zai gaya mini?"

Ta amsa, "Na yarda da kai, Malam. Amma mai karatu a wata ƙasa bai san ka ba. Da me zai tabbatar?"

Na tuna malaminmu na zaure, wanda ba ya karɓar hadisi sai ka jero masa wa ya ji daga wa.

Bayan kwana uku ta turo mini wani tsohon littafi da wani ɗakin karatu na ƙetare ya ɗora a intanet, ta ce in duba wani shafi. Hoto ne na karofinmu. Ramukan cike, maza tsaye riƙe da muciya, hannuwansu baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Tsamiyar da ke bayansu na san ta, a gindinta nake ajiye babur idan na je gida. Ni ban taɓa ganin ramukan nan da ruwa ba, a cike da ƙasa na taso na gan su.

Na daɗe ina kallo, ina ta tasbihi. Baiwar Allahn nan ba ta taɓa taka garinmu ba, ga shi ta nemo mini shi.

Na gyara rubutun, na kafa hujja da littafin. Maganganun tsofaffin kuwa na tattara su na kai wa wata mujallar jami'a, sai da aka shekara kafin su fito.